Bayan mastas sai "Dakta"? Fashin baƙi kan digirin DNP ga nas-nas ɗinmu na Katsina

Ranar wata Asabar da la'asar sakaliya ƙanwata ta biyo ta gidana a Ƙofar Ƙaura. Daga aiki take, ko farar rigar ba ta cire ba, hijabi kawai ta zumbula a kai. Nas ce kuma ungozoma, ta haura shekara goma a ɗakin haihuwa, bara ta kammala digiri na biyu. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta taɓa ba ta miƙo mani waya.

"Yaya, don Allah duba mani wannan. Wai shekara biyu, ina zaune gida, in zama Dakta. PhD ce, ko wata aba ce daban?"

Tallar wata jami'ar Amurka ce a Facebook: wata mata tana murmushi, abin awon ƙirji rataye a wuya, ga haruffa uku manya-manya a ƙasa, DNP. Na ce mata ta zauna tukuna, maganar ba ta tsaye ba ce. Na san kuma ba ita kaɗai tallar ke bi ba, don duk nas ɗin da ta taɓa neman wani kwas a intanet, waya ba ta sake barinta ta huta.

A fannin jinya digirin digirgir iri biyu ne. Akwai PhD da kowa ya sani, akwai DNP, wato digirin ƙololuwa a aikin jinya kansa. Misalin da na ba ta na gona ne. Manomin Funtua ko Bakori ya san cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, inda ake fitar da sabon irin masara. Masanin da ya ƙare shekaru yana aurar da wannan iri da wancan har ya samo mai jure fari, shi ne mai PhD, aikinsa samo abin da ba a sani ba. To amma iri ba ya tashi da ƙafarsa ya shiga gona. Sai an samu wanda ya san ƙasar wurin, ya san abin da ke sa manomi ɗari-ɗari da sabon abu, ya san inda taki ke maƙalewa a hanya, sannan in kaka ta yi ya auna buhunan bana ya gwada da na bara. Wannan na biyun shi ne mai DNP a asibiti. Bincike ya riga ya nuna abin da ke ceton rai. Shi aikinsa ya sa abin ya zama yadda ake yi kullum a ɗakin marasa lafiya, da rana da tsakar dare, ko shugaba na nan ko ba ya nan.

Kada a raina wannan aiki. Akwai wani ƙiyasi da aka wallafa a shekarar 2000 da malaman fannin ke yawan kawowa, cewa sakamakon bincike kan ɗauki kimanin shekara 17 kafin ya zama aikin yau da gobe a asibiti. Mu nan ba sai an kawo mana ƙiyasi ba. Tun 1995 babban gwaji na ƙasa da ƙasa ya nuna cewa maganin magnesium sulfate ya fi diazepam hana jijjiga dawowa ga mai ciki, amma tsofaffin ungozomominmu za su gaya maka shekarun da aka ƙara ana ta yin diazepam bayan nan.

Me ya sa Amurka ta ƙirƙiro shi

Digirin ɗan Amurka ne, kuma bukatar Amurka ce ta haife shi. A 1965, a Jami'ar Colorado, wata nas mai suna Loretta Ford da wani likitan yara, Henry Silver, suka fara horar da nas-nas su riƙa duba yara da kansu saboda ƙarancin likitoci a karkara. Daga nan aka samu rukunin manyan nas-nas masu zurfin ƙwarewa, waɗanda a yau suka kasu huɗu: mai duba marasa lafiya ta rubuta magani, ƙwararriya a wani fanni guda na jinya, nas-ungozoma, da mai ba da maganin barci a ɗakin tiyata. Dukansu da mastas aka riƙa horar da su. Sai mastas ɗin ya yi ta kumbura, darasi kan darasi, har nauyinsa ya kusa kamo na dakta a wasu fannonin. A daidai lokacin masu haɗa magunguna da masu gashin ƙashi sun mayar da karatunsu matakin dakta. Ga kuma wani rahoto na 1999 da ya girgiza ƙasar, wanda ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa duk shekara a asibitocin Amurka saboda kurakuran da za a iya kauce wa. Aka gane cewa gyaran tsarin aiki ilimi ne mai zaman kansa, ana koyonsa kamar yadda ake koyon allura.

Jami'ar Kentucky ta buɗe shirin DNP a 2001. A watan Oktoban 2004 ƙungiyar kwalejojin jinya ta Amurka, AACN, ta yanke shawarar cewa zuwa 2015 a mayar da horon waɗancan manyan nas-nas matakin dakta. Shekarar 2015 ta zo ta wuce ba a cimma hakan ba, har yau da mastas ake samun lasisin a yawancin rukunonin. Masu ba da maganin barci ne kaɗai suka cika alkawari: duk wanda ya shiga horonsu daga 2022, matakin dakta ya shiga. Na kawo wannan ne don a san cewa ko a gidansu digirin bai gama zama daram ba, ana kan muhawara a kansa.

Hanyar shiga biyu ce. Mai digirin farko kan shiga doguwar hanya ta shekara uku zuwa huɗu. Mai mastas kuwa, irin ƙanwata, gajeriyar ce tata: shekara ɗaya zuwa biyu ga wanda ya ajiye aiki, biyu zuwa uku ga mai haɗawa da aiki. Darussan ba su ne waɗanda mutum zai zata ba. Ba za a sake koya maka karɓar haihuwa ko saka ƙarin ruwa ba, an ɗauka ka iya. Abin da ake karantawa shi ne yadda ake tace bincike a gane mai ƙarfi da mai rauni, lissafin alƙaluma, yaɗuwar cututtuka cikin al'umma, kasafin kuɗin asibiti, manufofin lafiya, shugabanci, da sarrafa bayanan marasa lafiya ta kwamfuta. Reshe biyu ne kuma: na masu duba marasa lafiya kai tsaye, da na shugabanci da tsare-tsare. Wanda mastas ɗinsa bai ba shi lasisin ɗaya daga rukunoni huɗun can ba, galibi reshen shugabanci ne a buɗe gare shi.

Sai maganar awanni, wadda tallar Facebook ba ta faɗa. Ƙa'idar da AACN ta fitar a 2006 ta ce sai ɗalibi ya cika aƙalla awa 1,000 na aiki ƙarƙashin kulawar malami, ana ƙirgawa daga bayan digirin farko. Makarantu da yawa kan karɓi har awa 500 daga mastas ɗinka, in akwai shaida a rubuce daga jami'ar da ka yi. A nan gizo ke saƙa. Mastas ɗinmu galibi na aji ne da kundin bincike. Shekara goman da ƙanwata ta yi tana kwana a ɗakin haihuwa ba ta shiga wannan lissafi, tunda aikin albashi ne, ba horon makaranta ba. Da na faɗa mata haka ta yi tsaki ta ce, "Ashe duk kwanan tsayen nan a banza." Ba a banza ba, amma a takardarsu ba shi da layi.

Aikin ƙarshe, inda naman yake

Mai PhD da kundin bincike yake fita. Mai DNP kuma da aikin gyara yake fita: ya ɗauki matsala guda a wurin aikinsa, ya nemo abin da bincike ya tabbatar a kanta, ya dasa shi, ya auna ko an samu canji. Bari in tsaya a nan, don duk wanda ya fahimci wannan ya fahimci digirin.

Mu ɗauki zubar jini bayan haihuwa, wadda ita ce kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya. Ƙa'ida ta ce in mace ta zubar da mililita 500 bayan ta haihu da kanta, an shiga haɗari. Tambayar ita ce, wa ya auna? A yawancin ɗakunan haihuwa da ido ake kintata. Jini ya jiƙa zane, ya shiga katifa, wani ya zuba ƙasa an goge, ungozoma ɗaya tana tsakanin gadaje uku. Ido kuwa yakan rage, ba ya ƙarawa. Kafin a ankara mace ta fara ganin jiri, tafin hannunta ya yi fari, sai a tashi neman jini, dangi su bazama cikin gari da daddare.

A 2023 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji mai suna E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya, wato a nan maƙwabta Kano. Abin da aka gwada ba wani sabon magani ba ne. Leda ce mai aljihu da aka yi wa layukan awo, a shimfiɗa ta ƙarƙashin mace da zarar jariri ya fito, jinin ya taru a ciki kowa na gani. Da ya kai layin, sai a yi komai a tare, ba ɗaya bayan ɗaya ba: a murza mahaifa, a yi allurar oxytocin mai sa mahaifa ta tsuke, a ba da tranexamic acid mai taimakawa wajen tsayar da jini, a ɗaura ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, in abin ya ƙi a kira na gaba. A asibitocin da aka yi haka an gano zubar jinin a kashi 93 cikin 100 na matan da ta same su, a sauran kuwa kashi 51. Mummunar zubar jini, ko tiyata saboda ita, ko mutuwa, suka ragu da kashi 60 cikin 100.

To masu bincike sun gama nasu. Yanzu a ce wata ɗalibar DNP a wani asibitin Katsina ta ɗauki wannan a matsayin aikinta. Da farko za ta koma rijistar haihuwa ta wata shida ko shekara, ta ƙirga mata nawa aka rubuta sun zubar da jini, nawa aka ƙara wa jini, nawa aka tura gaba, don in ba ka san inda ka taso ba ba ka iya cewa ka ci gaba. Sannan ta bi sawun kayan aiki. Oxytocin na son sanyi, zafi na rage masa ƙarfi, ga zafin Katsina a watan Afrilu, ga wuta da ba ta tsayawa. Ashe firij ɗin ɗakin magani ya shigo cikin maganar. Tranexamic acid yana ɗakin haihuwa ne ko yana kulle a sito, makulli na aljihun wanda ya tafi gida? Wa zai sayi ledar, asibiti ko mijin mai haihuwa? In mijin ne, me za a yi wa wadda aka kawo daga ƙauye ba ko sisi? Sai horar da ma'aikata, na safe da na rana da na dare, har da sababbin da za a turo bayan an gama horon. Sai ta zauna da likitoci da matiron da mai kula da magunguna, kowa da abin da yake tsoro. Ta gwada a ɗaki guda na wata ɗaya, ta duba inda ya cije, ta gyara, ta sake gwadawa. A ƙarshe ta dawo da alƙaluma ta ce ga yadda muke da, ga yadda muke yanzu, ga abin da ya ci, ga yadda zai ɗore ko an yi mani canjin wurin aiki.

Wannan shi ne digirin, sauran duk shiri ne. Ni a ganina babu ilimin da asibitocinmu suka fi ƙishirwarsa kamar wannan. Takardun ƙa'idojin aiki muna da su jibge a kabad, an je taron bita an karɓo alawus an dawo. Wanda zai tsaya kan abu guda har ya zama ɗabi'a shi ne ya yi ƙaranci.

Amma takardar fa?

A nan ne na ɗan sanyaya wa ƙanwata gwiwa, dole ce ta sa. Ilimin DNP daban, takardar DNP daban, kuma takarda tana da daraja ne gwargwadon kujerar da aka tanadar mata. A fiye da rabin jihohin Amurka babbar nas mai lasisi tana duba mara lafiya, ta tura shi gwaji, ta rubuta magani, ba tare da sa hannun likita ba. Irin wannan kujera ba ta kafu a tsarin aikinmu ba, duk da cewa a zahiri, a asibitocin karkara na ƙananan hukumominmu 34, nas ko malamin asibiti shi ne likita, shi ne mai magani, shi ne mai gadi. Gwamnatin tarayya ta amince da manufar sauke wasu ayyuka zuwa hannun ƙananan ma'aikata tun 2014, sai dai wannan cike giɓi ne, ba matsayi ba. Ko a ƙarshen Yulin 2025 da ƙungiyar nas-nas da ungozomomi ta ƙasa ta shiga yajin aikin gargaɗi, cikin bukatunta akwai tabbatar da tsarin matakan aikinsu da kafa sashen jinya a Ma'aikatar Lafiya ta tarayya. Wanda ke neman harsashi, maganar bene sai a hankali.

Mai burin koyarwa a jami'a kuwa, PhD ce kuɗin da kasuwar ke karɓa. Hatta manyan likitoci masu shaidar ƙwarewa sun daɗe suna ja-in-ja da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa kan ko shaidarsu ta isa ta tsaya a madadin PhD. In nasu ya zama abin gardama, ina ga baƙon digiri daga ƙetare? PhD a fannin jinya ana yin ta a gida, a irin su Ibadan, inda aka fara digirin jinya a ƙasar nan tun 1965, da Ife da Jami'ar Najeriya. Ga mai son zurfin ƙwarewa a aiki kuma akwai kwalejin nas-nas da ungozomomi ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1981, mai ba da shaidar zama ƙwararre. Ba wai digirin dakta na aiki baƙo ba ne a nan gaba ɗaya. Masu haɗa magunguna da masu duba ido suna da nasu a jami'o'inmu.

Sauran shingayen a taƙaice suke. Yawancin makarantun Amurka na neman lasisin nas na can, wato sai ka ci jarrabawar NCLEX an kuma tantance takardunka. "Daga gida" ɗin da ke cikin talla sau da yawa gidan Amurka ake nufi, domin awannin aikin sai a wurin da makarantar ta amince da shi, ƙarƙashin wanda ta amince da shi. In ka ce tafiya za ka yi, bizar ɗalibi ba ta yarda karatunka ya zama na intanet zalla. Kuɗin makaranta dubun-dubatar daloli ne, sai ka juya su zuwa naira ka ajiye kusa da albashin nas. Sai a duba ko ɗaya daga hukumomin tantancewa na can, CCNE ko ACEN, ta amince da shirin. Ba mu manta da ɗan jaridar da ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida ba, abin da ya sa a farkon 2024 gwamnati ta dakatar da karɓar takardun Benin da Togo. Tun daga nan ido ya buɗe kan takardun waje. Duk mai niyya, kafin ya biya ko kwabo, ya rubuta wa hukumar nas-nas da ungozomomi ta ƙasa da ma'aikatar da yake wa aiki, ya karɓi amsa a rubuce kan matsayin da za su ba takardar.

Su kansu Amurkawa suna da ƙorafi a kan digirin: ingancin ayyukan ƙarshe ya bambanta ƙwarai daga makaranta zuwa makaranta, kuma ba ko'ina yake ƙara albashi ba.

Sai kuma kalmar "Dakta", wadda ta jawo hankalin ƙanwata tun farko. Hausa ta fi Turanci sa'a a nan, muna da "likita" muna da "dakta", su kuwa Turawa kalmar "doctor" ce ke ɗaukar duka biyun. To amma a bakin tsohuwar da aka kawo daga Rimi ko Batagarawa, duk mai farar riga likita ne, har mai yankan kati. Mai DNP ta cancanci a kira ta Dakta a aji da wurin taro, ta sha wahalarsa. A gaban gadon mara lafiya ne abin ke da sarƙaƙiya. A 2022 wata nas mai DNP a jihar Kalifoniya ta biya tarar kusan dala 20,000 saboda tallata kanta da laƙabin dakta, kuma wasu jihohin sun wajabta wa nas ta bayyana cewa ita nas ce duk lokacin da ta yi amfani da shi. A asibitocinmu, inda dama tsakanin likitoci da sauran ma'aikata ake zaman doya da manja, wannan kalma ita kaɗai ta isa ta tayar da ƙura.

Da na kai nan ƙanwata ta yi shiru, tana juya wayar a hannu. Na ce mata in aji take so da kujerar farfesa, ta nemi PhD a gida. In Amurka take shirin komawa da zama, DNP na da wurinsa, amma lasisi ne farko. In kuwa abin da ke hana ta barci shi ne matan da ke zubar da jini a hannunta, to rijistar haihuwa tana kan teburinta, ba wanda ya hana ta fara ƙirgawa ranar Litinin, kuma alƙaluman da za ta tara su ne za su zame mata jari ko wace ƙofa ta ƙwanƙwasa daga baya.

Aka kira magariba a masallacin unguwa. Ta miƙe tana gyara hijabi, ta kurɓi ruwan da ya riga ya huce, har ta kai zaure sai ta juyo.

"Yaya, ledar nan mai layin awo, in mutum na so a ina zai same ta? Ko sai na tambayi 'yan ajinmu da ke Kano?"